Ɗana ya dage sai dambe: in kai shi ko in hana shi?

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 13. Tun da ya fara kallon dambe a wayar yayansa ya hana ni sakat, wai sai an kai shi gidan dambe ya koya. Har tsumma yake naɗawa a hannu yana jibgar katifa. Kawunsa ya ce gara a kai shi taekwondo ko karate. Ni tsorona biyu ne: kada a illata min shi, kada kuma ya iya faɗa ya zarce daba. A Kano muke. Me ya kamata in yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Shawarata ita ce kada ki kai shi gidan dambe a wannan shekarun, amma kada ki kashe masa sha'awar. Ki nema masa malamin judo ko na kokawa, in ba a samu ba sai taekwondo, da sharaɗin kin je da ƙafarki kin ga yadda malamin yake tafiyar da yara. Maganar dambe a ajiye ta sai ya kai 18, ya zaɓa da hankalinsa. Na daɗe ina koyar da yara judo, kuma tun ina ƙarami nake zuwa kallon dambe da mahaifina, har yau ban daina ba. Don haka abin da zan faɗa ba maganar maƙiyin dambe ba ce.

Bari in fara da ba yaron gaskiyarsa. Abin da ya burge shi abin burgewa ne. Dambe gadon mahauta ne tun asali, wasan kaka, lokacin da amfani ya zo gida, 'yan dambe su bi ƙauyuka da makaɗansu ana karawa a dandali. Yana da tsarinsa da ladabinsa. Ɗan dambe ba ya tsirowa haka kawai, sai ya bi ta hannun ubangida, shi ya sa za ki ji ana cewa Shagon wane ko Autan wane, mai naɗa hannun hagu kuma a ce masa Bahago. Akwai ɓangarori, Kudu da Jamus da Guramada, kowa da magoya bayansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili aka saki kalangu, ɗan dambe ya fito yana kirari, ya san tsikar jiki tana tashi. Sunayen Shago da Ɗandunawa sun kai yau ne saboda bajintarsu da kuma bakin mawaƙi Ɗan Anace. Yaro ɗan 13 da ya ga wannan ya ji yana so, lafiyarsa ƙalau.

Matsalar tana wurin da ake kai dukan. A dambe hannu ɗaya ake naɗa wa ƙyalle a bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse, ɗayan a miƙa shi gaba ana tare abokin karawa ana auna tazara. Turmi uku ake yi, kuma abin da ake nema shi ne kisa, wato a buge mutum har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa. Hanya mafi sauri ta yin kisa kuwa ita ce muƙamuƙi da gefen kai. Ko da yake wasu masu shirya gasa na zamani sun fara raba 'yan wasa bisa nauyi suna ajiye ma'aikacin lafiya a gefe, a yawancin gidajen dambe da ido ake haɗa mutum biyu, babu sikeli, babu robar kare haƙori.

Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Ki ɗauki ƙwaryar kindirmo ki fizge ta gefe guda, ƙwaryar ba za ta fashe ba amma abin da ke ciki ya motsu. Haka naushin muƙamuƙi yake yi: kai ya juya da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta bugi ƙashi, siraran jijiyoyinta su miƙe fiye da kima. Shi ne mutum zai ga duhu, ƙafa ta saki. Abin da 'yan kallo suke wa sowa ke nan. A wurin yaro abin ya fi muni, domin wuyansa bai yi ƙwarin da zai riƙe kai ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa, ba ta gamawa sai ya wuce shekara 20 da 'yan kai. Ba sai ya suma ba ake cewa ya ji rauni. Mafi hatsari ma shi ne a sake bugun kan kafin na farko ya warke, domin a matasa wannan yana iya kumbura ƙwaƙwalwa farat ɗaya har a rasa rai. Tun 1928 wani likitan Amurka mai suna Harrison Martland ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben boksin suke komawa tafiya da magana kamar masu maye, kuma a 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fitar da matsaya ɗaya cewa ba su goyon bayan yara da matasa su yi boksin. Wancan fa da safar hannu mai soso ake yi. Ni da idona na ga mazajen da a da in sun shigo fili kowa sai ya miƙe, yau harshe ya yi nauyi, hannu yana rawa, ba su iya riƙe kofin shayi. Ba a nuna su a bidiyon da ɗanki yake kallo.

Wani zai ce to a sa masa hular kariya. Hular tana hana tsagewar gira da fashewar kunne, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa motsi a ciki. Shi ya sa ma aka cire ta daga kan manyan maza 'yan boksin a 2013, kuma a gasar Olamfik ta Rio a 2016 babu ita suka yi wasa. Maganin dukan kai ɗaya ne, a rage yawansa.

Sai hannu. Ƙasusuwan yaro suna da guringuntsi kusa da gaɓoɓi, ta nan suke ƙara tsawo, kuma ba sa rufewa sai wajen ƙarshen shekarun samartaka. In ya yi ta dukan bango ko itace wai yana gasa hannu, yana iya lalata wannan wurin, yatsa ko wuyan hannu ya tashi a karkace har abada.

Akwai kuma abin da ke kewaye da filin, wanda na san shi ne rabin damuwarki. Yawancin wasa da yamma zuwa dare ake yi, kuɗi suna yawo, ana liƙi, kuma ba a rasa masu busa hayaƙi da masu haɗiyar ƙwaya a gefe. Wasu 'yan wasan suna tsaga hannu da reza a cusa magani, ga layu da guraye. Reza ɗaya in ta bi mutum biyu, hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Na san 'yan dambe masu sallah a kan lokaci, masu sana'arsu a kasuwa, da ko sigari ba sa sha, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Amma baligi ne yake iya zama cikin taro ya tsince abin da zai ɗauka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Me ya sa na sa kokawa da judo a gaba? Domin suna ba yaro duk abin da yake nema, ƙarfi da gumi da karawa da ɗan'uwansa gaba da gaba, ba tare da an nufi kansa da duka ba. Kokawa tamu ce, a kan yashi ake yi, kuma malamai ba su da ja a kanta, ga ruwayar kokawar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da Rukana, alhali hadisi ingantacce ya yi hani da dukan fuska. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riƙe ta da kyau: tun 1975 da aka fara a Tawa suke gasar kokawa ta ƙasa wadda zakaranta yake karɓar takobi, jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokawa goma, ƙasa duka ta koma jikin rediyo da talabijin, har yara sun san sunan Issaka Issaka na Doso kamar yadda suka san na 'yan ƙwallo. A nan wajenmu samun wurin da ake koya wa yara kokawa a tsare, da rana da lokaci, yana da wuya, shi ya sa nake tura iyaye judo, wadda kokawa ce ta Japan da ake yi da riga mai kauri a kan katifu. Wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano ne ya tsara ta a 1882 (sunan ya yi kama da na garinmu, amma babu dangantaka), ta shiga Olamfik a 1964.

Abin da ya sa nake ƙaunar judo ga yara shi ne darasinta na farko faɗuwa ne. Makonni yaro zai yi ba a koya masa kayar da kowa ba, sai yadda zai kai ƙasa: ya manna haɓa a ƙirji kada ƙeya ta bugu, ya mari katifa da hannu a miƙe don ƙarfin faɗuwar ya watse, kada ya dafa ƙasa da tafi ya karya wuyan hannu, ya mirgina ta kafaɗa ya miƙe. Wani ɗalibina babur ya taɓa shi yana kan keke a hanyar makaranta, ya wuntsila ta kan kafaɗa ya tashi da ƙujewa kawai. Mahaifinsa har gida ya zo yi min godiya. Da yawa cikin yaran da na koyar ba su taɓa faɗa a titi ba, amma kusan kowannensu ya taɓa faɗuwa daga keke ko daga bishiya. Sannan yaron da aka kayar sau ɗari a wata, ya tashi ya gyara ɗamara ya sake kamawa, girman kai yana fita daga jikinsa da kansa.

Kada ki ɗauka judo ba ta da hatsari. A Japan, mahaifarta, ɗalibai sama da 100 sun rasu a judon makarantu cikin kimanin shekara 30 daga 1983, akasarinsu sababbin shiga da aka buga kansu da ƙasa kafin su iya faɗuwa, a hannun malamai masu ganin azabtarwa ita ce horo. Faransa kuwa masu judonta sun ninka na Japan yawa, amma ba a ji irin wannan asara a can ba, kuma tun 1955 doka ta hana kowa koyar da ita sai da takardar shaida. Wasa ɗaya ne, malaman ne suka bambanta. Don haka nake cewa tambayar wane wasa ƙarama ce a kan tambayar wane malami.

Shawarar kawunsa ma ba ta faɗi ba. Taekwondo ta Koriya ce, ƙarfinta a shuri yake, an hana naushin fuska, kuma ana sa rigar kare ƙirji da hula da robar haƙori. Tana da makoma ga mai hazaƙa: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar azurfa daga Rio a 2016, shekara ɗaya bayan nan ya zama zakaran duniya. Abin lura shi ne a gasa shurin kai ya fi na ƙirji maki, don haka sai ki tambayi malamin ko yana barin yara su riƙa shurin kan juna a atisaye. In ya ce e, kullum, ki nemi wani. Karate kuma daga tsibirin Okinawa ta fito, rabinta jerin motsi ne da yaro zai haddace ya yi shi kaɗai, rabi karawa ce da ake tsayar da duka kafin ya nutse. Ta dace da yaro mai natsuwa. Naku da yake jibgar katifa, ina jin zai fi samun gamsuwa inda ake kama mutum a ji nauyinsa.

Wajen neman malami, a fara da hukumar wasanni ta jiha, can filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a tambayi masu horar da judo da taekwondo da kokawa da ranakun yara. Wasu makarantu ma suna da kulob. Duk inda aka nuna miki, ki je ke da kawunsa ba tare da sanarwa ba, ku zauna daga farko har a tashi, kuma ba sau ɗaya ba. Malamin da ya ce iyaye ba sa shiga, an gama magana. Ki duba ko yana haɗa yara bisa nauyi da shekaru, ko kuwa yana sakin ƙato a kan sabon shiga wai don ya yi taurin zuciya. Ki duba ƙasan: katifu ne a manne da juna ko siminti ne aka shimfiɗa wa tabarma. Ki ga abin da yake yi in yaro ya ce kansa yana ciwo. Ki lura da hannunsa, in akwai bulala ko yana zagin iyaye, ku tashi. A judon ƙananan yara an hana shaƙewa da murɗe gwiwar hannu, in kin ga ana yi wa 'yan 10 da 12, wannan bai san aikinsa ba. Ki tambaye shi wa ya koyar da shi, wa ya ba shi ɗamararsa (wadda launinta yake nuna matakin gwaninta), ko yana da rajista da ƙungiyar wasan ta jiha. Na gaskiya zai ji daɗin tambayar. Ki guji mai alkawarin baƙar ɗamara cikin shekara ɗaya, ko mai ƙirƙiro jarrabawa duk wata don karɓar kuɗi, domin baƙar ɗamara aikin shekaru ne. Sannan wata magana da ba a son faɗa amma dole: babu dalilin da zai sa malami ya keɓe da yaro a ɗaki, ko ya kira shi gida da dare wai ƙarin horo. Ki gaya wa yaron wannan da bakinki tun ranar farko.

Za ki ga ana rusunawa kafin a fara da bayan an gama, al'adar gaisuwar mutanen Japan da Koriya ce. Iyaye da yawa suna ƙyamarta saboda kamarta da ruku'u, kuma malaman addini sun yi magana a kai. A ajina musabaha muke yi ko a ɗan dafa ƙirji. Ki tayar da maganar tun farko, malami mai hankali ba zai ƙi ba.

Game da daba, abin da na gani a unguwanninmu shi ne ba masu zuwa atisaye ne suke shiga ba. Ɗan daba ba da gwaninta yake faɗa ba, da wuƙa da gora da taron abokai da ƙwaya yake yi. Abin da yake jan yaro can shi ne zaman banza tsakanin la'asar da isha, da son a ce shi ma namiji ne, da neman ƙungiyar da za ta ce namu ne. Ajin wasa mai kyau yana cike waɗannan guraben guda uku. Yaro ya dawo a gajiye, ya yi wanka ya ci tuwo ya kwanta. Yana da abokai da suke jiransa ranar Asabar, da babba da yake jin kunyar ya ɓata masa rai. A wurina doka ce, wanda ya yi faɗa a makaranta ko a layi zai zauna a benci mako biyu yana kallon 'yan'uwansa, kuma ban ga horon da ya fi wannan ci musu rai ba. Nakan tuna musu hadisin da ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Sharaɗi biyu za ki kafa masa ke ma: makaranta da islamiyya ba za su taɓu ba, kuma ranar da ya gwada abin da ya koya a kan ƙannensa, ranar ya yi hutu.

Sau biyu ko uku a mako ya isa ɗan 13, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In wurin ba shi da nisa kuma hanyar ba ta manyan motoci ba ce, ya je da keke, ya samu ɗumin jiki tun kafin ya isa. Abinci ba sai na kanti ba: wake da shinkafa, ƙosai da koko, ƙwai, gyaɗa, fura da nono bayan atisaye, duk suna gina jiki. Kada a saya masa garin ƙara tsoka ko abin sha mai sa kuzari, kada kuma kowa ya sa shi ƙin cin abinci ko ƙin shan ruwa don ya shiga wani rukunin nauyi a gasa. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Kano yake kai maki 40, atisaye da sassafe ne ko bayan la'asar sosai, da gorar ruwansa a hannu. Da azumi mu kan sassauta, mu koma bayan an sha ruwa.

Ko a wane wasa ya shiga, har ƙwallon layi, in kansa ya bugu ki sa ido. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske, mantuwar abin da ya faru, ko ya riƙa maimaita tambaya ɗaya, duk alamu ne. Ranar ya gama wasa, ya huta kwana ɗaya zuwa biyu ba waya ba guje-guje, kuma ba zai koma karawa ba sai alamun sun tafi gaba ɗaya kuma likita ya duba shi. In kuwa ya suma, ko yana ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi ba ya tasuwa, ko magana ta karye, ko wani ɓangaren jiki ya saki, ko ya yi jijjiga, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya shafa man zafi.

Wajen gaya masa, kada ki ce dambe haukan banza ne, zai daina jin maganarki ya koma koyo a bayan gida da sa'o'insa, inda babu mai raba su. Ki ce masa ɗan dambe na ƙwarai da ƙafa da ƙugu yake tsayuwa, kuma kokawa ce take gina su, in ya kai 18 yana nan a kan bakansa za a zauna a yi magana. Kawunsa ya riƙa kai shi kallo jefi-jefi da sauran rana, su zauna tare su dawo tare kafin magariba, ya nuna masa wanda ya yi kisa, ya kuma nuna masa wanda aka kwasa aka fitar. Tsumman nan da yake naɗawa kuma ki bar masa. A samu buhu a cika shi da tsofaffin kaya ko dusa, ban da yashi domin yana daskarewa ya yi tauri, a rataye masa a tsakar gida inda idonki yake kai, katifarki ta huta.